Hoton kayan da ba a riga an yi ba: amsa ga mai sana'ar yaji a Agege

"Assalamu alaikum Malam. Ni matar aure ce a Agege. Shekara biyu ke nan ina daka yaji da garin kunun gyaɗa ina sayarwa a gida, a ƙulle a leda. Yanzu ina son in raɗa wa kayan suna, in zuba su a roba da sitika irin yadda nake gani a Instagram. Ƙanina ya ce yawancin hotunan da nake sha'awa ba da kyamara aka ɗauke su ba, wai mokof ne, a kwamfuta ake haɗawa, kuma ni ma zan iya yi kafin in kashe ko kwabo. Mene ne gaskiyar abin, kuma yaya ake yi? Sannan in na sa hoton abin da ban riga na yi ba ina talla da shi, ban shiga haƙƙin mutane ba? Jarina ba shi da yawa, ina tsoron asara."

Wa alaikumus salam Hajiya, Allah ya sa wa sana'a albarka. Ƙaninki ya faɗi gaskiya, amma rabinta ya faɗa. In na fahimce ki, kina son ki ga kamannin kayanki tun kafin ki zuba kuɗi a roba da sitika, kina son ki ja masu saye da wannan hoton, kuma ba kya son ki ci haram a hanya. Na daɗe ina zanen sitika da kwali ga masu ƙananan sana'o'i a nan Legas, mafi yawan aikina a Shomolu ake bugawa, don haka daga abin da na gani a gaban injin zan yi miki magana.

Abin da ake kira mokof, ko hoton gwaji, hoton roba ne ko leda ko kwali ko riga wanda babu rubutu a jikinsa, an bar gurbi. Sai ki ɗauko zanen sitikarki ki saka a gurbin, manhaja ta lanƙwasa shi ya bi cikin robar, ta ɗora masa inuwa da ƙyalli, har ya fito kamar an ɗauki hoton kaya a kan teburi. Kamar littafin ɗinkin da tela yake ajiyewa a shago ne: kina ganin yadda rigar za ta zauna kafin a sa almakashi a atamfarki. Kuma kin san sau da yawa abin da aka gani a littafin daban, abin da aka karɓo ranar jajibirin salla daban. Duk wahalar wannan aiki tana cikin wannan tazarar.

Ki fara zuwa kasuwa kafin ki buɗe waya

Kuskuren da na fi gani shi ne mutum ya fara daga hoto. Ya shiga intanet ya ga wata kwalba mai kafaɗa da murfin katako, ya saka tambarinsa, ya tura wa dangi, kowa ya ce masha Allah. Sai ya shiga kasuwa neman kwalbar, ya zaga Ojota, ya hau mota zuwa Trade Fair a hanyar Badagry, ya ƙetara Idumota, babu ita. Dalili kuwa, da yawa daga cikin waɗannan shiryayyun hotuna a ƙasashen waje aka yi su, da mazuban da ake sayarwa a can. Ko an samu makamanciyarta a nan, sai a tarar kuɗinta ya fi na yajin da za a zuba a ciki, ko kuma mai shagon guda talatin kawai gare shi, in sun ƙare sai wani jirgin ya iso Apapa.

Saboda haka ki juya aikin. Ki je kasuwa ki sayo roba iri uku ko huɗu, guda ɗaya-ɗaya, da ledar nan mai tsayuwa da kanta mai zif a baki. Ki tambayi mai shago wacce ce ba ta yankewa a kasuwa, wannan tambayar ta fi ta farashi muhimmanci, domin mai saye yana gane kaya da siffar mazubinsu tun kafin ya karanta suna, in kina canza roba duk wata biyu kamar kina sake gabatar da kanki ne. Ki dawo gida ki cika kowacce da yaji ki auna giram nawa take ci. Sannan ki ɗauki tef ɗin tela ki auna zagayen cikinta da tsayin wurin da yake a miƙe. Robar da faɗinta ya kai santimita 7, zagayenta zai kai kusan santimita 22. In kika yi sitika mai tsawon 20, kin bar taga ta santimita 2 da za a riƙa hango jan yajin. Ki kula da robar da ƙasanta ya fi samanta tsukewa: sitika mai kusurwa huɗu ba ta kwanciya a kanta, sai ta yi tattara ko ta karkace, kuma hoton gwaji ba zai taɓa nuna miki hakan ba, shi kullum a kwance yake luf.

Yadda ake haɗa hoton

Wannan ɓangaren shi ne mafi sauƙi, shi ya sa ba zan daɗe a kansa ba. Da waya kaɗai, manhajar zane mai suna Canva ta isa: tana da sashen hotunan gwaji, ki zaɓi mazubi, ki ja zanenki ki jefa a ciki. Placeit ma haka take aiki, sai dai in kina son hoton da babu tambarinsu a kai yawanci sai kin biya. Masu kwamfuta kuma suna sauko da fayil irin na manhajar gyaran hoto ta Photoshop, wanda ƙarshen sunansa PSD, daga wurare irin su Freepik, su buɗe gurbin da aka tanada su manna zanen, hoton ya sabunta kansa. Wanda ba shi da Photoshop zai iya buɗe irin wannan fayil a Photopea, kyauta ce kuma a burauza take aiki. Ki sa ƙaninki ya karanta sharaɗin kowane fayil kafin a yi talla da shi, don wasu an ba da su kyauta ne don gwaji kawai, na kasuwanci sai an saya.

Amma hanyar da ni nake bi da masu sana'a irin taki ita ce in yi hoton daga robar da suka sayo. A cika ta da yaji, a ajiye ta kusa da taga da hantsi, a sa farin kwali a baya, a goge kyamarar waya, a ɗauka ba tare da filasha ba. A kan wannan hoton nake ɗora zanen. Bai kai na Turawa sheƙi ba, amma murfin murfinki ne, jan da ake gani yajinki ne, kuma ranar da kaya suka isa hannun mai saye ba zai ce an canza masa ba.

Za a ce miki ki gwada manhajojin ƙirƙirarriyar basira. Don neman dabarar launi ko shimfiɗar bayan hoto, ba laifi. Sai dai suna ƙirƙiro mazubin da babu shi a kowace kasuwa, kuma suna yawan dagula rubutu, balle rubutun Hausa.

Amfanin hoton na farko ma tun kafin talla yake zuwa. Ki yi zane biyu ko uku, ki rage hoton ya koma kamar girman babban yatsa, ki duba: ana iya karanta sunan? Haka mai saye zai gan shi yana wucewa a waya. Ki nuna wa waɗanda suka saba saye a wurinki, kada ki tambaye su ko ya yi kyau, kowa zai ce ya yi, kunya ba za ta bari a faɗa miki gaskiya ba. Ki tambaye su: nawa kike ganin ana sayar da wannan? Me kike zaton yana ciki? Kuma tunda a Legas kike, ki nuna wa maƙwabciyarki Bayarbiya ko Inyamura. Su da yajin tsire suka san shi, a bakinsu barkonon suya ne. In ta kalli hoton ba ta gane abin da ke ciki ba, kin san sitikar tana buƙatar layi ɗaya na Turanci a ƙarƙashin sunan. Na taɓa ganin zanen da mai shi take ƙauna ya sha kaye a hannun wanda ta raina, don kawai a na biyun an rubuta sunan kayan da manyan baƙaƙe. Da ta buga na farkon guda dubu, da sai dai ta yi ta kallonsu a ɗaki.

Inda hoton yake yaudarar mai shi

Launi ne na farko. Fuskar waya da haske take yin launi, ja da kore da shuɗi, abin da ake kira RGB. Injin ɗab'i kuwa da tawada huɗu yake yi, CMYK. Akwai launukan da haske yake iya fitarwa amma tawada ba ta iyawa, musamman kore mai walƙiya, shuɗi mai ƙarfi da ruwan lemo mai haske. A takarda sai su dushe. Ruwan zinare ya fi kowanne ba da kunya. Wata baiwar Allah mai humra da turaren wuta ta taɓa kawo mini hoton kwalbarta da rubutun zinare yana ɗaukar ido, da aka buga sai ya fito kamar ruwan kunun tsamiya. Ba laifin mai injin ba ne, babu zinare a cikin tawada huɗun nan. Ruwan zinare mai ƙyallin gaske wani aiki ne daban, ana manna siririn ƙarfe mai sheƙi da zafi, kuɗinsa daban, kuma ba ya araha sai an yi da yawa. Ke da kike farawa, ki zaɓi launi biyu masu ƙarfi waɗanda ko sun ɗan dushe ba za su ɓata ba. Kuma ki tuna yaji ja ne, jar sitika a kan jan yaji ɓacewa take yi.

Na biyu kuwa namu ne mu Hausawa, kuma ni kaina ya taɓa kama ni. Yawancin salon rubutun da ke cikin waɗannan manhajoji ba su da ƙ da ɗ da ɓ. Wani lokaci a wayarki za ki ga harafin ya fito, don wayar ta aro shi daga wani salon ta cike gurbin, sai an buɗe fayil ɗin a kwamfutar maɗaba'a ya koma ɗan akwati. Na taɓa tura aikin garin kunu ina gaggawa, ban duba samfur ba, aka buga, kalmar gyaɗa ta fito da akwati a tsakiyarta. Daga aljihuna na sake bugawa. Maganinsa biyu ne: a zaɓi salon da yake da haruffanmu, irin su Noto Sans ko Andika, sannan kafin a tura a mayar da rubutun ya zama zane, yadda babu kwamfutar da za ta iya canza shi. A Shomolu yawanci da manhajar zane ta CorelDRAW suke aiki, in kika ce a mayar da rubutu kwabs, kowane yaron shago ya san abin da kike nufi. Wasu suna gudun wahala su cire lanƙwasar gaba ɗaya su rubuta k da d. Ni ban so, domin baki daban baƙi daban, kuma mai karatun Hausa yana lura da wanda ya kula.

Kada kuma ki kai wa mai ɗab'i hoton gwajin ki ce ya buga. Ana yin haka kullum. Shi shimfiɗaɗɗen zane yake buƙata, a ainihin girmansa, PDF ko fayil ɗin Corel, mai kaifin ɗigo 300 a kowane inci, da rarar milimita 3 a kowane gefe don wuƙar yanka ba ta bin layi daidai. In ta WhatsApp za a tura, a tura shi a matsayin dokumen, in aka tura a matsayin hoto manhajar tana matse shi, ƙananan rubutu su dushe.

Sai abin da babu hoton da zai gaya miki, wato mai da laima. Yaji yana da ƙuli-ƙuli, ƙuli-ƙuli yana da mai. Ledar nan mai bayan takarda ruwan ƙasa tana da kyau a hoto ƙwarai, amma in cikinta ba shi da shafi mai kauri, bayan 'yan makonni za ki ga tabon mai ya ɓullo. Sitikar takarda kuma, a damunar Legas, a kicin inda ake taɓa roba da jiƙaƙƙen hannu, ba ta daɗewa take kumbura ta ɓare daga kusurwa. Ta roba ko wadda aka yi wa shafin leda ta fi tsada amma ta fi jurewa. Ga gwajin da nake sa kowa ya yi: a buga takarda ɗaya tak mai girman A3 a injin dijital, wadda a Shomolu suke ce wa DI. Takardar santimita 29.7 ce a 42, sitika mai 20 a 6 za ta fito guda takwas. Ki yanka ki manna a robobinki da hannunki. Ki ajiye ɗaya kusa da murhu, ɗaya a jaka ki shiga danfo da ita zuwa Oshodi ki dawo, ɗaya ki bai wa yara su yi ta juyawa. Bayan sati biyu ki duba su. Kuɗin takarda ɗaya bai kai abin da za ki yi asara ba in an buga ɗari biyar aka ga gyara.

Batun haƙƙi

Tambayarki ta ƙarshe ita ta fi burge ni, don ba kowa yake yin ta ba. Kin san hadisin da Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya sa hannu cikin tsibin abincin wani mai sayarwa ya ji danshi a ƙasa, ya ce wanda ya yi algus ba ya cikinmu. Hukuncin sayar da abin da ba a riga an yi ba, da sharuɗɗansa, fagen malamai ne, ki kai musu. Abin da zan iya faɗa a matsayina na mai sana'ar shi ne inda algus yake shigowa a hoto, don na ga hanyoyinsa. Yana shigowa in an nuna kwalbar gilashi aka kai ta roba. Yana shigowa in an ɗauki hoto ta yadda robar giram 100 za ta yi kama da ta rabin kilo. Yana shigowa in an jera kwali hamsin a hoto kamar akwai sito cike da kaya alhali ko ɗaya babu, ko a ɗora tambari a jikin mota da allon shago don a ce kamfani ne babba. Waɗannan hotunan na mota da allo suna nan birjik a manhajojin, kuma suna da daɗin kallo, amma ki bar su a wayarki.

In kuwa kika sa hoton da aka yi daga ainihin robarki, kika rubuta a ƙasa cewa wannan hoton gwaji ne, kaya za su fito ranar kaza, nauyinsu kaza, farashinsu kaza, mai so ya yi magana, to ba ki ɓoye komai ba. Hasali ma wannan ita ce hanyar da mai ƙaramin jari yake sanin guda nawa zai yi. Ki sa a sitatus ɗin WhatsApp, inda masu sayenki na yanzu suke, girman hoton ɗigo (fiksel) 1080 a 1920, na Instagram kuma 1080 a 1350. Ki ƙirga waɗanda suka ce a ajiye musu, ki yi watsi da yawan masu yabo. In za ki karɓi kuɗi tun kafin kaya su fito, kada ki sa ranar da ba ki da tabbas, ki ƙara kwanaki a kan abin da mai ɗab'i ya faɗa miki, don wutar lantarki da layin aiki ba a hannunsa suke ba. Ni dai shawarata a karon farko ki rubuta sunaye kawai, kuɗi sai kaya sun zo. Kuma ranar da robar farko ta fito, ki sauke hoton gwajin ki sa na gaske, har da ɗan bidiyo ana buɗe murfi ana barbaɗawa a kan nama. Mutanen Legas an sha cutarsu a sayayyar intanet, hoton da ya cika tsafta har tsoro yake ba su, hannun mutum riƙe da kaya ya fi kwantar musu da hankali.

Suna da lamba

Akwai abu ɗaya da nake ƙin yi ko an roƙe ni: saka lambar bogi ta NAFDAC, hukumar kula da ingancin abinci da magunguna, a zane, wai don a ga yadda za ta zauna. Hoto yana yawo, gobe wani ya tura wa wani, ba wanda zai san gwaji ne. A bar gurbin babu komai. Yaji da garin kunu abinci ne, in an sa su a mazubi da suna ana sayarwa, rajistarsu a hannun NAFDAC take, kuma manyan kantuna ba sa karɓar kayan da ba su da lamba. Hukumar tana duba zanen sitika a cikin takardun rajista, tana son ta ga sunan kaya, abubuwan da aka haɗa, nauyi, suna da adireshin mai yi, lambar rukuni, ranar yi da ranar ƙarewa. Wannan ma dalili ne na kada ki buga da yawa yanzu, don in sun ce a gyara, duk abin da kika tara ya tashi a banza. Ki bar wa waɗannan bayanai wuri a zanen tun yau, ko da ba ki kai ga rajista ba. Masu hoton gwaji gaban roba kawai suke yi wa ado, sai an zo bugawa a rasa inda za a cusa sauran. Kuma ki rubuta a fili cewa akwai gyaɗa a ciki, akwai mutanen da jikinsu ba ya ɗaukarta ko kaɗan. Matakan rajistar da kuɗinta kuwa ki ji su daga bakin hukumar kai tsaye, suna da ofis a nan Legas, kada ki tsaya a kan maganar ɗan tsakani.

Sunan ma ki bincika kafin ki shaƙu da shi. Rajistar sunan kasuwanci a CAC, hukumar rajistar kamfanoni, daban take da rajistar alamar kaya, wadda ofishinta yake ƙarƙashin ma'aikatar masana'antu da kasuwanci ta tarayya, kuma kayan yaji da gari a rukuni na 30 suke. Ko kafin ki kai can, ki rubuta sunan a Instagram da Facebook ki ga ko wata ta riga ki. Sunaye irin su Albarka da Alheri da Ni'ima sun yi yawa, in kika ɗauki ɗaya za ki ɓace a cikin taro. Ki nemi wanda Bahaushe zai ji nasa ne, Bayarabe kuma zai iya faɗa wa ɗan acaɓa a waya ba tare da ya sarƙe ba.

Kin ambaci kaya biyu. Da ni ne, da yajin zan fara shi kaɗai, a roba ɗaya, girma ɗaya. Garin kunun ki ci gaba da sayar da shi yadda kika saba, amma ki sa a yi masa nasa hoton gwajin a ajiye kusa da na yajin, tambari ɗaya, launi daban, don ki tabbata zanen da kika zaɓa zai ɗauki kaya na biyu da na uku ba tare da an sake shi daga tushe ba. Shi garin ya fi son leda mai zif fiye da roba, kuma laima ta fi yi masa illa, don haka in lokacinsa ya zo ki tanadi ƙaramin injin liƙe bakin leda, irin na hannu da ake sayarwa a kasuwa, ki gwada shi a kan ledar da kika zaɓa kafin ki sayi bandir.